Safiyar da Aka Sa wa Uwani Man Minti a Hanci

Kafin in shiga wannan babi, gara in gaya muku tun da wuri cewa ban gama yarda da tunanina ba. Abin ya daɗe, kuma yawancin waɗanda suka fi ni ganinsa kusa ƙasa ta rufe musu ido. Na lura idan mutum ya yi shekara da shekaru yana juya labari ɗaya a ransa, sai ya kasa raba abin da idonsa ya gani da abin da aka gaya masa daga baya. Don haka duk inda kuka ga na ce "ina jin" ko "in ban manta ba", iyakar sanina ke nan, ba ado nake wa magana ba. Sannan ni ba likita ba ne. Digirin da Allah ya nufe ni da samu, bayan har furfura ta fara leƙo mini, na aikin koyarwa ne. Abin da zan faɗa game da magani daga bakin masu shi na ji, kuma mai yiwuwa ban riƙe shi daidai ba.

A shekarar da nake magana ina malamin elementare a Karaye, saura kaɗan Turawa su sauka daga mulki. Gida kuwa yana Ruwan Bago, can wajen Rogo, sai an yi hutu nake hawa keke in je. Kakanku, Baba, shi ne malamin dagaci, mai rubuta masa takardu. Mutum ne mai ƙoshin lafiya in ban da cikinsa. Da ya ci wake ko ɗanwake, kai ko tuwon da ya kwana, sai cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ya riƙa murɗa masa har zaman zaure ya gagare shi. Kakarku, Iya, babu abin da ba ta jiƙa masa ba: kanwa, citta, kanumfari, sassaƙe iri-iri. Ya ɗan lafa, ya dawo. Ƙanwarsa Goggo Delu, wadda take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, takan ce maganin Yaya ɗaya ne, ya bar cin wake. Shi kuwa ya ce gara ya bar garin.

Ni na kai kukansa disfensaren Karaye. Mai kula da wurin, Malam Audu, Bazazzagi ne, saboda haka ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba.

"A'a, Bakano! Me ya kawo ka? In maganin rowa ne, ya ƙare tun jiya."

"Na ji," na ce masa. "An ce mutanenku ne suka shanye, bai kuma yi musu aiki ba. Cikin tsohona ne ya hana shi sakat."

Ya saurari bayanina, ya cika mini wata babbar kwalba da wani ruwa mai ƙanshin alewar minti. Ya ce man na'ana'a ne ɗan kaɗan aka kaɗa cikin ruwa mai yawa, a ba shi cokali ɗaya bayan abinci. Aikinsa, in ji shi, shi ne ya sassauta hanjin da ya ɗaure, iskar da ta taru ta sami hanyar fita. Ranar da Baba ya fara sha ina gida. Ba a jima ba ya yi wata gyatsa da har cikin gida aka ji ta, sai muryar Goggo daga bakin murhu:

"Alhamdu lillahi, an yi tsawa! Yara, a fito da iri."

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya miƙe ƙafa, ya yi barcin rana irin wanda ya daɗe bai yi ba. Daga ranar maganin ya shiga ransa. Matsalar ita ce kwalbar takan ƙare, Karaye kuwa ba nan kusa ba ce. Ana haka Kawu Tanko, ƙanen Iya da yake fataucin gyaɗa, ya dawo daga Kano da wata 'yar kwalba da ba ta fi ɗan yatsa ba, ya sayo a kanti. Ya ajiye ta gaban Baba yana ɗaga kafaɗa.

"Wancan da Bazazzagin nan yake ba ku ai ɗauraya ce. Ga uwar maganin nan, tsagwaronta."

Kun san halina da tsoron abin da ban sani ba. Na roƙi Baba kada ya taɓa sai na nuna wa Malam Audu. Da ya buɗe ta ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce lalle man ne zalla. Ɗigo ɗaya a kan ƙwayar sukari ko a kofin ruwan ɗumi ya isa. In aka wuce haka zai tayar da ƙwannafi. Kada ya shiga ido, kada kuma a ba yaro ya sha. Batun shafawa bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ina kyautata zaton a lokacin shi ma bai san da wata illa ta nan ba. Na kawo saƙon gida yadda aka ba ni. Baba ya gwada ƙarawa sau ɗaya, ya yini yana dafe da ƙirji yana tsaki, daga nan ya tsaya a ɗigonsa. Sauran mutanen gida kuma kowa ya gano nasa amfanin. Goggo takan lakata a goshi in kanta na ciwo, ta ce kamar an ɗora mata ruwan sabuwar randa. Iya in mura ta kama ta sai ta shinshina bakin kwalbar, ta ce hanci ya buɗe har ƙeya. Maƙwabta suka riƙa aiko da ɗan ƙullin auduga a ɗiga musu. Cikin tasar jeren Iya ake ajiye ta, kuma ban san wani abu a gidan da aka ɗauka da daraja kamarta ba.

A daminar shekarar aka haifi yayarku. Bisa al'ada mahaifiyarku Hajara gidansu za ta tafi a Tudun Kaya ta yi haihuwar fari, amma uwarta ta rasu tun tana ƙarama, sai Iya ta ce ba inda za ta, ita za ta yi mata jego. Babu wanda ya yi musu, don a unguwarmu duk haihuwar da aka yi, Iya ake kira wankan jariri. Ba ungozoma ba ce, amma an yarda hannunta na da albarka. Aka sa wa yarinya sunan Iya, shi ya sa ake kiranta Uwani.

Akwai abin da sai na tsaya na yi muku bayaninsa, ku da kuka tashi a birni kuna ganin uba na saɓa jaririnsa a kafaɗa har bakin titi. A zamaninmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon mutane. Ba ka ɗaukarsa, ba ka kiran sunansa, ba ka tambayar lafiyarsa. In ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai, wani ya ɗaga shi. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma da ita ake gane ɗan mutunci. Ni abin ya zame mini biyu, tunda sunan mahaifiyata ne da ita. Har aka yi suna aka watse ban san kamannin fuskarta sosai ba. In zan wuce ƙofar ɗakin jego, bango nake kallo. Mahaifiyarku ma sai Iya ta daka mata tsawa take ba ta nono, tana yi tana juya fuska gefe. Uwani 'yar Iya ce. Ita ke mata wanka safe da yamma, ta gasa mata cibiya, ta shafe ta da mai tana yi mata wasa:

"Takwara, takwara, kin kwashe mini suna, me kuma ya rage ki kwashe?"

Cikin abin da Iya take wa kowane jariri har da ɗiga man shanu narkakke a hanci in ya toshe. Yaro ya yi atishawa, majina ta fito, shi ke nan. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Baba. A wurinsu mai duk mai ne: na shanu, na kaɗe, duk abin shafa wa jariri ne. Da marka ta zauna, in ban manta ba Uwani ba ta kai wata guda ba, mura ta kama ta. Hancin ya toshe har ta kasa kama nono, ta kama ta saki, ta kama ta saki, tana kuka. Iya ta gwada man shanu bai yi ba. Goggo ce ta gaya mini daga baya yadda suka yi shawara a ɗakin. Ta ce Iya ta dubi tasar jere ta ce abin da ya buɗe hancin babba, na jariri ne zai gagare shi? Ita kuma ta ce mata ai gaskiya ne, ba sha za ta yi ba. Sai Iya ta tsoma gashin kaza a kwalbar, ta sa mata a kowace ƙofar hanci, ta shafa saura a ƙirji. Abin da ya fi daraja a gidan ta ɗauko ta ba jikarta. Ina so ku riƙe wannan.

Ni ina tsakar gida da hantsi, hutu ne, ina yi wa tayar keke faci. Na ji kukan ya tashi da wani irin ƙarfi, sa'an nan ya yanke, ɗif, kamar an sa wuƙa. Ba irin shirun jaririn da ya sami nono ba ne. Sai na ji salatin Goggo. Na miƙe da famfo a hannu, amma ƙafata ta ƙi tafiya. Namiji ba ya shiga ɗakin jego, balle uban ɗan fari. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. A raina kamar an yi yini, amma wataƙila ba ta kai a karanta Fatiha ba. Abin da ya tsinke ni shi ne muryar Goggo, a sanyaye:

"Miƙo zanen nan a rufe ta. Mai abu ya karɓi abinsa."

Ban san sa'ad da na ɗaga asabari ba. Ɗakin ya cika da zafin wutar da ake hura wa mai jego, ga ƙanshin minti ya gauraye da hayaƙi har yana yanka ido. Mahaifiyarku tana zaune ta fuskanci bango, ta cusa bakin zane a baki ta cije, jikinta na karkarwa, amma ko uffan, don ba a kukan ɗan fari. Iya ta miƙe ƙafafu, yarinyar na kwance a kansu. Ranar na fara ganin fuskar 'yata da kyau, kuma leɓenta ya koma launin shuni. Idonta a buɗe, ƙirjinta ba ya motsi. Iya tana girgiza ta a hankali tana cewa:

"Takwara, bar wasan nan mana. Takwara. Ke, takwara."

Na fizge ta. Ba zan sassauta kalmar ba, fizgewa na yi, daga cinyar uwata. Na fito da ita sarari, na goge hancin da hannun rigata, na kamfato ruwa a randa na wanke mata fuska da ƙirji. Na kifa ta a kan hannuna ina murza bayanta, na juyo ta na hura mata iska a fuska, na sake kifawa. Babu wanda ya koya mini. Ina jin na taɓa ganin Fulani suna yi wa ɗan maraƙin da aka haifa bai motsa ba, amma ko wannan ba zan rantse ba. Jikinta ya saki kamar tsumma. Na tuna ina cewa "ya Allahu, ya Allahu", ban iya haɗa wata addu'a ba. Can sai ta yi wani jan numfashi, mai ƙara kamar tsohon ƙyaure, majina ta zubo mini a hannu, ta sake ja, sa'an nan kuka ya fito, siriri, a dishe.

Da na ɗaga kai, tsakar gida ta cika da matan maƙwabta da salatin ya kirawo. Baba yana tsaye a bakin shigifa. Abin da ya ƙara gigita ni, ba jaririyar suke kallo ba, ni suke kallo, bakuna a buɗe. Iya ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki. A nan ne maganar ta kuɓuce mini, a gaban kowa, da murya sama:

"Iya, me kika zuba wa 'yata? Kashe mini ita za ki yi?"

Goggo ta sha gaya mini cewa "kin kashe" na ce. Ni abin da na rubuta shi nake tunawa. Ko wanne ne, kowa ya ji. Na ji wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce:

"Yau mun ga abin da ya fi ƙarfinmu. Wai 'yarsa! Boko ke nan?"

"Auta," in ji Goggo, don haka suke kirana a gida, "uwarka ce fa a gabanka."

Iya ta ɗaga hannuwanta biyu ta dube su, ta kai su hanci ta shinshina, ta sake dubansu kamar na wani ne aka ba ta aro.

Numfashin Uwani ya dawo, amma bai daidaita ba. Yana fita da ɗan fito, ya tsaya, sa'an nan ya ci gaba. Na ce Karaye za mu. Baba ya yafuto ni zaure, yarinyar tana hannuna har lokacin, abin da ban taɓa zaton zan yi a gabansa ba.

"Yarinya ta dawo, ka gode wa Allah. Shiga ka ba uwarka haƙuri, ka mayar mata da jikarta."

"Baba, ka saurara ka ji. Numfashin bai zauna ba."

"Mai jego ba ta fita kafin arba'in. In ta bar wanka sanyi ya shige ta, ta kumbura, wa za ka ce ya jawo?"

Ni ma ina tsoron hakan.

"Kuma in ka fita da su yau, ka gaya wa garin nan ke nan uwarka ba ta iya riƙon jariri ba. Ka san da haka?"

"Na sani, Baba."

Sai muka ji motsi a bayanmu. Mahaifiyarku ce, ta yafa mayafi, tana dafe da bango. Matar da ko gaisuwa ba ta iya yi wa Baba sai daga bayan ƙyaure, ta tsaya a zaurensa ta ce da ni:

"Malam, mu tafi."

Baba ya dube ta, ya dube ni. Sa'an nan ya juya mana baya.

"Jaki na nan a turke," ya ce.

Tafiyar ba na son tuna ta. Hanya duk caɓi, rafuka sun kawo. Mahaifiyarku a kan jaki, ta ɗaure Uwani a ƙirji maimakon baya don ta riƙa jin numfashinta, ni ina ja. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya bi mu da kallo, mai ɗanyen jego a kan hanya. Bini-bini in tsayar da jaki in kasa kunne ga numfashinta. La'asar ta wuce kafin mu shiga Karaye. Malam Audu ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, da ya ga fuskata ya haɗiye ta. Ya saurari ƙirjinta, ya wanke mata hanci da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ya ce a riƙa riƙe ta a miƙe, kada mu yi nisa da shi. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma ba zai yi mini ƙaryar sani ba. Cikin 'yan kwanaki murar ta wuce, fiton ya daina, ta kama nono kamar za ta cinye uwarta.

Sai bayan shekaru, da na shiga jami'a, na riƙa tsare duk likitan da na samu da wannan tambaya. Abin da na fahimta daga bakinsu shi ne, sanyin nan da man yake sawa a ji, jijiyoyi ne yake taɓawa. Babba in ya shaƙa sai ya ji kamar hanci ya buɗe, ko da hanyar iskar ba ta ƙaru da komai ba. Jariri kuwa hanyar numfashinsa 'yar ƙarama ce, ƙarfin man na iya sa maƙogwaronsa ya ɗame ya rufe, ko numfashin ya ɗauke gaba ɗaya. Shi ya sa suke hana a kai shi kusa da fuskar jariri ko ƙaramin yaro, ko da shafawa ce a ƙirji. Ga cikin babba kuwa sun yarda yana taimako in an kiyaye awo. Yawancinsu sun ce mai yiwuwa shi ne ya yi wa Uwani haka. Ɗaya ya ce majinar ma na iya zama da hannu. Babu wanda ya yarda ya yanke mini hukunci, ni ma ba zan yanke muku ba.

Matar mai gidan da nake haya ce ta ƙarasa wa mahaifiyarku wankan jego, kuma ba ta kumbura ba. Da arba'in ta cika ya kamata in mayar da su Ruwan Bago, amma na kasa. Da na tuna ɗakin nan sai in fasa. Ni kaɗai na je na durƙusa wa Iya. Ta ce ba komai, Auta, ya mai jiki? Ta tuƙa mini tuwo da miyar kuka yadda nake so. Na dawo ina ganin magana ta mutu. Sai Goggo ta fara ba ni labari: an haihu a gidan liman, an aiko, Iya ta ce bayanta na ciwo. An haihu a gidan sarkin noma, ta ce idonta ba ya gani sosai. Har mutane suka gaji suka koma kiran wata. Kwalbar kuwa Baba ya mayar da ita aljihunsa, ya ci gaba da ɗigonsa har ta ƙare, ba a sake sayo wata ba.

Da lokacin yaye ya zo, na rame don tunani. Al'ada ita ce a kai yaro wurin kakarsa a yaye shi, ɗan fari kuma galibi can yake zama, ita ke riƙonsa har ya girma. In na kai ta, zuciyata ba za ta kwanta ba. In na hana, na ƙara wa Iya wani marin a idon gari. Mahaifiyarku ce ta raba gardamar.

"Kai ta, Malam. Ta yi ƙwari yanzu. In ba ka kai ta ba, maganar nan ba za ta taɓa mutuwa ba."

Na ɗora ta a keke da ƙullin kayanta, ina tafe ina shirya abin da zan roƙi Iya ta kiyaye da yadda zan faɗa ba tare da na ɓata mata rai ba. Mun same ta zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Na gaishe ta, na sauke Uwani. Yarinyar ba ta da ƙyuya, ta taka dagwai-dagwai ta je ta dafa gwiwarta tana son kama mazari. Iya ta saki mazarin ya faɗi. Ta ɗaga hannuwanta sama, sa'an nan ta mayar da su bayanta ta harɗe.

"Ga takwararki na kawo miki yaye, Iya."

"Delu! Zo ki ɗauki yarinyar nan."

"Iya, don girman Allah. Na tuba, na sake tuba."

"Tashi, Auta, ba fushi nake ba. Da fushi ne ai da ya huce." Muryarta ba ta ko rawa. "Tun kafin a haife ka nake wanke jarirai a garin nan, ban taɓa tsayawa na tambayi hannuna ba. Yanzu ko ɗan tsako na ɗauka sai ya kama ɓari. Abin da ka faɗa ran nan gaskiya ne, wurin faɗar ne ba ka zaɓa ba."

Uwani tana ta jan zanenta tana gwaranci. Iya ta sunkuyo ta dube ta sosai, tun daga kai har ƙafa, hannuwan na nan a baya.

"Kin yi kyau, takwara," ta ce. Sa'an nan ta ce da ni: "Delu ta yaye ta, ka zo ka mayar wa uwarta. Na fi so in riƙa jin labarinta tana raye."

Na je ne da tsoron barin yarinyar, ban taɓa kawo wa raina cewa za a ƙi karɓarta ba. Na zauna a ƙasa. Goggo ta zo ta saɓi Uwani, ko tsiyarta ba ta yi ba.

Iya ta ga haihuwar yawancinku. Babu wanda ta ɗauka a cikinku yana jariri, ko ranar suna. Na san kun tashi kuna cewa kakarku ba ta son yara, na sha jin kuna faɗa a tsakaninku, na kuma yi shiru don ban san ta inda zan fara ba. Abin da ba ku gani ba, don kuna barci, shi ne in an shimfiɗe ɗayanku a ɗaki in mun je hutu, takan jawo kujerarta bakin ƙofa ta zauna, ta zuba wa ƙirjinsa ido har ya farka. Da na bar mahaifiyarku da jaririyar a gida ran nan, ban kai su Karaye ba, wataƙila Uwani ta warke haka nan, wataƙila kuma hannun Iya bai mutu ba. Wataƙila kuma da yanzu babu yayarku. Na auna wannan ya fi a ƙirga, ban sami amsa ba.

Na san har yanzu akwai sauran waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan da hantsin nan, musamman matan da suke amare a lokacin, da 'ya'yan Goggo Delu. Duk wanda aka karanta wa wannan ya ji na kauce, ko na ɗora wa wani abin da bai yi ba, ina roƙonsa ya aiko da gyara ta hannun Uwani, don ita ke karanta mini saƙo yanzu da idona ya yi rauni. Abu ɗaya na fi so a gaya mini. Kwanakin yayen nan da ta yi a gidan ba na nan. In akwai wanda ya ga Iya ta ɗauke ta, ko sau ɗaya, a bayan idona, don Allah kada ya jira sai littafin ya fito.